Kwana Uku a Badagiri

Tun zamanin da Bahaushe matafiyi ne, amma ba ya ɗaura kaya sai da dalili. Ko dai fatauci ya fid da shi ya bi ayari zuwa Gwanja sayen goro, ko neman ilimi, ko cin rani, ko kuwa ya nufi gabas don sauke farali ya yi shekaru a hanya. Amma a ce magidanci ya ɗauki matarsa, su bar 'ya'ya da gida, su kashe kuɗin mota da na masauki don kawai su je su ga gari su komo, wannan baƙon abu ne, har yanzu in aka ji shi sai an tambaya ko lafiya. Saboda haka sa'ad da wani Malam, mutumin Zariya mazaunin Kaduna, ya shaida wa danginsa cikin watan Disamba na 2018 cewa za su tafi Ikko yawon buɗe ido shi da uwargidansa, yayansa bai gaskata ba. Ya ɗauka ɗayansu ne ba shi da lafiya za a kai shi asibiti, ana ɓoye masa.

Lafiyarsu ƙalau. Malam ma'aikacin gwamnati ne, saura shekara guda ya yi ritaya, Hajiya kuwa shugabar wata makarantar firamare ce. Shekararsu 28 da aure, 'ya'yansu biyar, amma ban da aikin hajji ba su taɓa yin tafiyar da ta wuce yini guda su biyu kaɗai ba. Ita ce ta daɗe tana cewa tana so ta ga teku da idonta, ta taɓa shi da hannu, domin abin da ta hango daga tagar jirgin alhazai bai fi shuɗin zane ba. Wannan shi ne dalilin da suka faɗa wa mutane. Akwai wani kuma wanda ba su faɗa ba, watau gidan ya yi musu zafi. Wani saurayi injiniya ya fito neman 'yarsu ta biyu, yarinyar tana sonsa, kowa kuma ya yaba da halinsa da riƙon addininsa. Da aka shiga bincike irin na al'ada, sai wata tsohuwa ta kawo labarin cewa kakannin yaron dimajai ne, watau 'ya'yan bayi haifaffun gida, waɗanda Kanawa ke kira cucanawa, daga wani rinji na ƙasar Zazzau. Tun daga ranar Malam ya ja bakinsa ya tsuke. Bai ce a'a ba, bai kuma ba da izinin a turo ba, har wata huɗu. Hajiya ba ta ce masa uffan a kan maganar ba, wannan shirun nata kuwa shi ya fi damunsa, domin ya san inda ya samo asali.

Suka sauka Ikko ta jirgin sama, suka kwana biyu a Agege gidan ƙanen Hajiya, wanda ke cinikin goro a can kamar yadda Hausawa suka daɗe suna yi a wannan unguwa. Shi ne ya ce musu in dai teku suke so su gani ba tare da hayaniya da kiɗe-kiɗe ba, to, su bar Ikko su nufi Badagiri, ya kuma haɗa su da wani direba amintacce. Tafiyar ba ta fi kilomita 70 ba, amma a shekarar nan ana cikin aikin faɗaɗa hanyar, ga ramuka, ga manyan motoci, ga shingayen bincike bi da bi, tun da yake ita ce hanyar da ke fita zuwa Seme, iyakar Nijeriya da ƙasar Benin. Sun tashi bayan sallar asuba, ba su isa ba sai da rana ta take tsaka.

Badagiri gari ne kwantacce, ba shi da gaggawar Ikko. Yana bakin wani dogon tafki wanda ya miƙe daga Ikko har cikin ƙasar Benin, tsakanin tafkin da babban teku kuwa akwai siririyar ƙasa mai rairayi da itatuwan kwakwar Attagara. Mutanen garin na asali Egun ake ce musu, harshensu ya fi kusa da na mutanen Dahome bisa ga Yarabanci, sarautar garin kuma Akran ake kiranta. Wanda ya tsaya a titin bakin ruwa da la'asar, ya ga masunta suna gyaran koma, yara suna buga ƙwallo, ba zai ce nan ne aka yi fiye da shekara ɗari ana sayar da 'yan Adam ba. Alhali kuwa wannan kwanciyar tafkin ita ce ta jawo abin. Jirgin ruwan Turawa ya tsaya can cikin teku, kwalekwale ya yi ta kai da kawowa cikin ruwa mai sanyin hali daga wannan kasuwa zuwa waccan, ga kuma hanyar ƙasa wadda ta gangaro daga Oyo ta ƙare a nan. Cikin ƙarni na 18 Badagiri ta zama ɗaya daga cikin manyan tashoshin bayi na wannan gaɓa, kafin Ikko ta sha gabanta a farkon ƙarni na 19.

Da suka huta suka yi salla, mai masauki ya samo musu ɗan jagora, wani saurayi mai fara'a wanda ya yi aikin bautar ƙasa a Gusau ya tsinci Hausa daidai ta gaisuwa da ciniki. Ya fara kai su wurin da wata babbar itaciya mai suna Agia ta taɓa tsayawa, inda wani ɗan mishan, Thomas Birch Freeman, ya yi wa'azin addinin Kirista cikin 1842. Itaciyar ta faɗi a 1959, an gina alama a gurbinta. Daga nan suka wuce zuwa wani farin gida mai hawa biyu a bakin ruwa, wanda 'yan mishan suka gama ginawa a 1845. Ɗan jagora ya gyara murya ya ce wannan shi ne bene na farko da aka gina a Nijeriya.

Malam ya ce ya sake faɗi. Ya sake. Sai Malam ya tambaye shi ko cikin shekara gudan da ya yi a Arewa ya taɓa zuwa Katsina ya ga hasumiyar Gobarau, wadda ta girmi wannan gida da ɗaruruwan shekaru, ko kuwa sorayen bene na birnin Kano, waɗanda Turawan farko da suka shiga birnin suka tarar ana kwana a samansu. Yaron ya yi dariya ya ce haka dai aka rubuta a allo. Gaskiyar Malam ce, abin da ya dace a ce shi ne bene na farko irin ginin Turawa. Amma gidan ya cancanci kallo ko ba tare da wannan kirari ba, da matakalarsa ta katako mai ƙara, da tagoginsa masu shigo da iskar ruwa, da ɗakin da ake nuna wa baƙi a ce a nan Samuel Ajayi Crowther ya zauna, mutumin nan da aka kama yana yaro aka sa shi cikin jirgin bayi, aka kuɓutar da shi, ya yi karatu har ya zama bishop. Hajiya ta tsaya a tagar sama tana kallon tafki, Malam ya ɗauke ta hoto da wayarsa. Daren nan sun ci gasasshen kifi, sun yi hira, sun yi dariyar gardamar bene. Rabonsu da irin wannan tun kafin tsohuwar nan ta kawo labarinta.

Kashegari da safe suka shiga gidajen tarihi. Na farko tsohon ofishin Di'o ne, ginin 1863, shekarar da Badagiri ta shiga hannun Ingila, cike yake da hotuna da zane-zane na yadda ake jera mutane a cikin jirgi kamar buhunan gyaɗa. Na biyu ƙarami ne, zuriyar gidan sarautar Mobee ke kula da shi, kuma a nan ne ake ajiye ƙarafan. Akwai mari na ƙafa, akwai wani ɗan ƙarami wanda aka ce na yara ne, akwai kwaɗon da ake huda leɓe a datse bakin mutum, akwai wani kwano na ƙarfe wanda bayi kan sunkuya su sha ruwa a cikinsa hannuwa a ɗaure. Sai kuma sarƙar wuya, baƙa wuluk, mai kaurin hannun yaro. Al'adar wurin ce a bar baƙo ya ɗora ta don ya ji nauyinta, kuma mutane da yawa suna yi, a ɗauke su hoto. Malam ya cire hularsa ya sunkuya, aka ɗora masa, ya miƙa wa Hajiya waya.

Ba ta karɓa ba. Ta ce, "Malam, cire abin nan daga wuyanka."

A hankali ta faɗa, har ɗan jagora bai ji ba. Malam ya dube ta, ya ga fuskarta, ya sa hannu biyu ya sauke sarƙar. Ta bar tsatsa a wuyan farar rigarsa.

Kusa da nan, a kan titin bakin ruwa, akwai gidan Seriki Williams Abass, kuma duk abin da suka gani a Badagiri babu wanda ya tsaya wa Malam a rai kamarsa. Gida ne irin na kowa, da tsakar gida da rijiya da igiyar shanya, zuriyar mai gidan suna ciki suna harkokinsu, kabarinsa kuma yana nan. Ɗan jagora ya ce ɗaki 40 aka gina a gidan don tsare bayi kafin jirgi ya iso, an bar biyu yadda suke saboda baƙi. Kowane ɗaki bai fi taku uku a tsaye uku a kwance ba, tagarsa wata 'yar kafa ce can kusa da rufi, ya ce kuma akan cusa mutum har 40 a ciki. Malam ya shiga, yaron ya ja ƙofa na ɗan lokaci. Hajiya ta tsaya a waje bakin rijiya. Da ya fito aka nuna musu kayan da Turawa suka bayar, da farantan tangaran, da kwalabe, da wata ƙatuwar laima wadda aka ce mutum 40 aka biya a kanta. Ko lissafin daidai ne ko baki ya ƙara masa gishiri, laimar dai tana nan, mutanen kuwa babu ko sunan ɗayansu.

Bisa ga abin da zuriyarsa ke faɗi, shi kansa Abass bawa ne. Bayarabe ne, an kama shi yana yaro, ya bauta wa wani malami mai suna Abass, aka sayar da shi ga wani Bature mai suna Williams wanda ya tafi da shi Barazil, a can ya koyi karatu da harsuna, sa'an nan ya komo ya zama dillalin ubangijinsa. Sunayen iyayengijinsa biyu su ne ya riƙe har ya mutu. Ya ga ƙarshen cinikin, ya riƙe sarauta a ƙarƙashin Turawan Ingila, bai rasu ba sai 1919. Malam ya tambaya, "Musulmi ne?" Ɗan jagora ya ce ai shi ne ma shugaban Musulmin garin, Seriki Musulumi. Ba sai an yi wa Bahaushe tafinta ba, kalmar sarki ce ta biyo fatake da malamai ta gangaro har bakin teku. Malam ya shigo Badagiri da shirin ya tsine wa Turawan Fotugal da na Ingila, kuma sun cancanci tsinuwar, domin su ne masu jirage da bindigogi da gonakin raken da suka haɗiye mutanen. Bai yi shirin ya tarar da mai salla irin tasa yana riƙe da mabuɗin ɗakin ba.

Da dare suna zaune a barandar masauki, shiru ya yi yawa, sai Malam ya ɗauko abin da ya tuna daga darasin tarihi na sakandare don ya cike wurin. Abin kuwa ya cancanci tunawa, domin Badagiri da Sakkwato suna da wata alaƙa wadda 'yan jagora ba su cika ambata ba. Cikin 1824 wani Baturen Ingila, Hugh Clapperton, wanda ya ratso hamada daga Tarabulus ta Barno, ya isa Sakkwato ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, cikin abubuwan da suka tattauna har da hana fatake kai bayi bakin teku, Bello kuma ya nuna yarda. Da Clapperton zai komo karo na biyu sai ya biyo ta ruwa. Daga Badagiri ya tashi cikin watan Disamba na 1825, ya bi ta tsohuwar Oyo, ya ƙetare Kwara a ƙasar Busa, ya shiga Kano cikin Yuli na 1826, ya ƙarasa Sakkwato inda ajali ya same shi cikin Afrilu na 1827. Baransa Richard Lander, wanda Hausawa suka laƙaba wa Nasara Ƙarami, shi ya juyo da takardunsa zuwa Badagiri, inda 'yan cinikin bayi na Fotugal suka yi masa sharrin leƙen asiri, aka tilasta shi shan gwaska a bainar jama'a, ya koma masauki ya sha maganin amai ya tsira. Tafintansu kuwa a wannan tafiya wani Bagobiri ne mai suna Abubakar, wanda Turawa ke kira Pasko. Shi ma kama shi aka yi, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu har cikin jirgi, sojan ruwan Ingila suka kuɓutar da shi. Watau hanyar da Clapperton ya hau cikin wata bakwai, ita ce irin wadda Abubakar da dubbai irinsa suka gangaro da igiya a wuya.

Hajiya ta saurare shi har ya gama. Sa'an nan ta ce, "To, Malam, waɗanda aka ce kada a kai su bakin teku, ina aka kai su?"

Malam ya ce dare ya yi, gobe akwai sammako.

A rana ta uku suka ƙetare tafkin zuwa Gberefu cikin kwalekwale mai inji. Tafiyar 'yan mintoci ce, amma Malam, wanda bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba, ya ɗaure rigar ruwa tamau ya riƙe gefen jirgi yana ta addu'a, Hajiya kuwa ta sa yatsunta cikin ruwa tana murmushi. Daga inda aka sauke su akwai hanya ta rairayi wadda ta ratsa cikin ciyayi da itatuwan kwakwa zuwa bakin teku, tafiyar kamar minti ashirin ga mai ƙarfi. Ita ce hanyar da bayi kan bi a ƙarshe. A tsakiyarta akwai wata rijiya, ɗan jagora ya tsaya ya ce an zuba mata asiri, duk bawan da aka ba ruwanta ya sha sai ya manta da garinsu da iyayensa da sunansa, ya shiga jirgi kamar tunkiya.

Labari ne mai daɗin faɗi, amma tarihi bai goyi bayansa ba. Bayan jihadin 1804 yaƙe-yaƙe sun yawaita a ƙasar Hausa da Nufe da Oyo, kamammu da yawa suka gangaro zuwa tashoshin wannan gaɓa, mafi yawansu kuma aka kai su Bahiya ta ƙasar Barazil. A can Hausawa suka shirya tawaye a 1807 aka tona asirinsu, suka tashi a 1809, suka sake tashi a 1814. Cikin watan Janairu na 1835, a ƙarshen azumi, bayi Musulmi, galibinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin da fararen riguna da takubba. Da aka murƙushe su aka shiga binciken gawarwaki da ɗakuna, abin da 'yan sanda suka samu shi ne layu da takardu masu rubutun Larabci da allunan karatu. Mutumin da ya sassaƙa allo a hayin teku ya koya wa ɗan'uwansa baƙi da wasali a ɓoye, ba a ce ya manta da gida ba. Barazil ba ta hana shigo da bayi da gaske ba sai 1850, ba ta kuma soke bautar ba sai 1888.

Kafin su ga teku sai da suka ji shi, wani ruri mai nauyi wanda ba ya yankewa. Da suka hau tudun rairayi na ƙarshe ya bayyana gaba ɗaya, ba iyaka, raƙuman ruwa suna tasowa fari fat suna dukan gaɓa. Akwai alamar da aka kafa a wurin, wanda ake kira mashigar da ba a komowa. Hajiya ta tuɓe takalmanta ta ba Malam, ta tattare zane kaɗan, ta gangara har ruwa ya taɓa ƙafarta. Wata igiya ta zo da ƙarfi ta jiƙa ta har gwiwa, ta ja da baya tana salati tana dariya. Ta ɗebo ruwan a tafin hannu ta ɗanɗana, ta ce ashe da gaske ne gishirin. Suka sayi ɗanyar kwakwa wurin wata yarinya, aka fasa musu, suka koma inuwa suka zauna. Ɗan jagora ya ga alamar suna son kaɗaici, ya matsa can yana danna waya.

A nan ne ta yi maganar. Ta ce kakarta ta wajen uwa, wadda ta yi mata goyo, ba a Zariya aka haife ta ba. Daga duwatsun kudancin Zazzau aka ɗauko ta tana 'yar shekara shida ko bakwai, gab da zuwan Turawa, sun je rafi ita da yayarta mahaya suka faɗo musu. A kasuwa aka raba su, ba ta sake ganin yayar ba. Aka kai ta wani rinji, aka raɗa mata irin sunan nan da iyayengiji kan ba bayi, ta musulunta, ta yi aure, ta haihu, ta tsufa tana sallarta da azuminta. Hajiya tana aji huɗu na firamare tsohuwar ta kwanta ciwon ajali. Cikin kwana ukun ƙarshe Hausa ta ɓace mata ƙaƙaf, ta koma harshen da ta baro a bakin rafi fiye da shekara 70 da suka wuce. Ta yi ta magana, tana kama hannun duk wanda ya matso, amma duk gidan babu mai jin abin da take cewa. Ba su san ko ruwa take so ba, ko uwarta take kira.

Malam ya san asalin tsohuwar, ko da yake bai taɓa jin labarin kwana ukun nan ba. Abin da bai sani ba shi ne na gaba. Hajiya ta ce a 1990, sa'ad da ya fito nemanta, goggonsa ta zo gidansu da sunan gaisuwa, a zaure ta ce wa wata maƙwabciya su ba sa haɗa iri da jikokin kuyangi. Ita kuwa tana bayan katanga tana wanke-wanke, ta ji kome. Marigayi mahaifinsa ne ya tsawata, ya ce shi yarinya ya gani da iyayenta masu mutunci, aka ɗaura aure. Shekara 28 tana durƙusa wa goggon nan tana kai mata tuwon salla, ba ta taɓa nuna ta ji ba.

Ta ce, "Malam, ban ce ka ba shi ba, kai ne uba. Amma jinin da kake gudu a jikin yaron nan, yana jikin 'yarka. Da Baba ya yi irin shirun da kake yi, da ba ka same ta ba balle ka hana."

Ba za a ce Malam jahili ne ba. Ya san matsayin Bilal, ya san Zaidu ɗan Harisa, 'yantaccen bawa, ya auri Zainab 'yar Jahshi, ya kuma san sarakuna nawa ne a ƙasar nan 'ya'yan sa-ɗaka suka hau gadon iyayensu ba wanda ya ce kanzil. Abin da ya riƙe shi tsoron bakin dangi ne, bakin dangi kuwa yana da dogon tarihi a bayansa. Masana sun ƙiyasta cewa a wajen 1900 bayin da ke cikin daular Sakkwato sun kai tsakanin miliyan 1 da miliyan 2.5. Wannan ita ce amsar tambayar da Hajiya ta yi a baranda: ba a kai su ko'ina ba, suna nan, su suka nome gandaye, suka yi dakan gidajen manya, suka riƙe wa sarakuna bindiga. Dokar Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936, watau akwai tsofaffi da rai yau waɗanda aka haifa kafin wannan shekara. Mutanen Badagiri sun ajiye ƙarafansu a fili, jikokin masu sayarwa ne ma ke nuna wa baƙo ɗakin, ko da kuɗin shiga ne ya sa, sun dai faɗa da bakinsu. A Arewa an narkar da mari an yi fartanya, ƙauyuka masu suna Rinji da Gandu suna nan yara ba su san ma'anar sunan ba, kuma in an tashi zancen bauta sai a nuna teku da Turawa. Lissafin waye ɗa waye bawa kuwa bai ɓata ba, yana kan tsofaffi, ba a fito da shi sai ranar neman aure ko neman sarauta.

Sun daɗe a zaune. Malam ya tambaye ta ko ta riƙe wani abu daga cikin kalmomin tsohuwar. Ta ce guda biyu, ta faɗe su, ta ce ba ta san ma'anarsu ba, ta taɓa gwada su ga wasu malaman makarantarta 'yan kudancin Kaduna ba wanda ya gane, watakila bakinta ne ya karkatar da su. Ya ce ta sake faɗi, ta sake, ya rubuta su a bayan takardar masauki ya sa a aljihu.

A hanyar komowa Ikko, motar tana tsaye cikin cunkoso, ya kira yayansa, wanda shi ne waliyyin 'ya'yansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Yaya, mutanen nan a ce musu su turo."

Yayan ya ce, "Maganar da aka kawo fa?"

Malam ya ce, "Na ji ta. Su turo."

Yayan ya yi shiru, sa'an nan ya ce a bari dai ya komo su zauna, irin wannan ba a yanke ta a waya. Hajiya tana kallon masu tallan burodi ta taga, ba ta juyo ba. Ba su isa Agege ba sai bayan lisha, da buhun kwakwa guda da kwalbar man kwakwa biyu na tsaraba.

Zaman da yayan ya nema sai da aka yi shi sau uku. An ɗaura auren bayan ƙaramar sallar 2019 a Kaduna, yayan ne ya ba da ita, ko da yake bai tsaya cin abinci ba. Biyu daga cikin ƙannen Malam mata ba su zo biki ba. Ɗayarsu ta sauko da aka yi haihuwar fari, ta zo suna da turmin atamfa. Ɗayar har yanzu ba ta taka gidan yarinyar ba.